Ruwa Biyu da Rabi

A layin da ke bayan tashar mota akwai wani mai gyaran fanka da ya raɗa wa kansa suna Kunnen Zinariya. Mutanen layin suka ga sunan ya yi tsawo, zinariyar kuma ba wanda ya taɓa ganinta, sai suka datse shi suka bar Kunne. Shi dai ko a jikinsa. Cewa yake in fanka tana juyawa, da jin ƙararta zai faɗa maka shekarar da aka ƙera ta, da ƙasar da ta fito, har da ko wanda ya ɗaura mata fukafukai ya yi faɗa da matarsa a ranar.

Wata Lahadi da hantsi ya leƙa gidan yayarsa, wadda ita ce shugabar wata makarantar firamare. Ya tarar da ita a falo tare da malamar kiɗa ta makarantar, sun baza takardu masu hotuna a kan tebur. Kwamitin iyaye ne ya yarda a sayo wa ajin kiɗa fiyanon lantarki, irin mai ƙirƙirar sauti da kansa, wanda 'yan kanti ke kira sintesaiza. Guda ɗaya tak, shi ma sai da Yaya ta shekara biyu tana roƙo. Ciyaman ɗin kwamitin kuwa ya riga ya rantse cewa in aka sayo na banza ba zai ƙara sa hannu ba, ko a kan kwalin alli ne.

"Iri uku ne," in ji Malama, tana nuna hotunan. "Wannan analog ne. Muryarsa kauri gare ta da daɗi, amma ba ya riƙe komai a kansa, kullum sai an sake saita shi, in ya ɗau zafi kuma muryar takan karkace. Wannan dijital ne. Ya fi araha, ba shi da nauyi, sauti ɗari biyar ne a cikinsa, sai dai muryar siririya ce. Na ukun nan ruwa biyu ne, ƙwaƙwalwar dijital, maƙogwaron analog. Ya fi su tsada, amma shi nake so wa yara."

Kunne, da ba wanda ya tambaye shi, ya jawo kujera ya zauna a tsakaninsu.

"Malama, maimaita. Ruwa biyun me kika ce yake da shi?"

"Rabinsa analog, rabinsa dijital."

"Rabi da rabi. Kuma ya fi kowane cikakke tsada." Ya dubi yayarsa ya girgiza kai. "Yaya, Allah ne ya kawo ni. Rabi biyu za ku saya, ga cikakku biyu suna kallonku?"

"Auta, fanka kake gyarawa."

"Sauti iska ce, Yaya. Duk garin nan wa ya fi ni sanin iska?"

Malama ta buɗe baki za ta yi bayani, ya ɗaga mata hannu kamar mai tsayar da mota. Nan ya ji cewa mai kantin kayan kiɗa ya ba makarantar aron analog ɗin da dijital ɗin a gwada su mako guda, ruwa biyun kuma zai kawo shi da kansa ranar Asabar, lokacin da kwamiti da iyaye za su taru a zauren makaranta su saurari duka ukun. Kunne ya ce a ba shi biyun ya kai shago ya auna su da mita. Yaya ta ƙi. Ya tuna mata fankar ofishinta da ya gyara kyauta. Ta tuna masa cewa tun daga ranar fankar da baya take juyawa, takardu take zuƙewa sama. Ya ce ai wannan ƙarin fasaha ne da bai caje ta ba. Haka ya yi ta naci har kanta ya fara ciwo.

"Ɗauka," ta ce. "Amma saurare kawai. Ko noti ɗaya kada ka kwance."

"Yaya, ni da kunne nake aiki. Hannu rakiya kawai yake yi."

Shagon Kunne yana tsakanin shagon mai aski da na mai sayar da ƙanƙara da lemon kwalba, shi da matarsa kuma a saman shagon suke zaune. Ranar Litinin da safe ya ɗora analog ɗin a kan tebur, ya ninke littafin bayaninsa ya sa a ƙarƙashin ƙafar teburin saboda yana rawa. Ya jona shi da wata ƙatuwar lasifika da aka kawo gyara aka manta. Abubuwan murɗawa sun kai arba'in a fuskar na'urar. Ya murɗe su duka zuwa dama, don a saninsa dama ita ce ƙari, sannan ya danna maɓalli ɗaya fari.

Jiniya ta tashi. Motocin da ke layin suka gangara gefe suka tsaya. Wani mai tallar tsofaffin wayoyi ya watsar da tirensa ya haure katanga, ba a ƙara ganinsa a unguwar ba. Can sai ga Mai Aski ya faɗo shagon, yana jan wani mutum da aka yi wa hanya fetal tun daga goshi har ƙeya.

"Kunne! Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Analog ne."

"Allah ya jiƙansa. Dubi kan bawan Allah nan!"

"Gobe zan je ganawar neman aiki," in ji mutumin.

Kunne ya zagaya shi ya duba kan da kyau. "Hanya a buɗe take, malam. In ni ne kai ba zan bari a taɓa ba."

Da suka fita ya murɗe komai zuwa hagu ya sake dannawa. Wannan karon ba a ji komai ba, amma notuna suka fara tafiya da kansu a kan tebur, suna faɗawa ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Madubin Mai Aski ya karkace. Karnukan layin suka taru a bakin shagon suka zauna suna kallonsa. Sai ga matarsa ta sauko, mariƙin kofi kawai a hannunta.

"Baban yara, gidan ne ke rawa ko ni ce jiri ke ɗiba?"

"Shi ake kira kaurin murya. Ba da kunne ake jinsa ba, da ƙashi ake ji."

"Kaurin ya fasa min kofi huɗu."

"To da siririn ne ko ɗaya ba zai iya ba. Kin ga bambancin kaya ke nan."

Rana ta take, shagon ya ɗau zafi. Maɓallin da ya yi wata murya da safe, yanzu wata daban yake yi. Kunne ya ɗora bayan hannunsa a jikin na'urar, ya ɗaga ido sama, ya gyaɗa kai. Ya rungume ta ya shiga shagon Mai Ƙanƙara.

"Maƙwabci, ara min wuri a firizarka."

"Me za ka sa?"

"Mara lafiya. Zazzaɓi ne, amma an gano shi da wuri."

Awa uku analog ya yi kwance a tsakanin kwalaben lemo. Wata mata ta zo sayen ƙanƙara, ta ɗaga murfin firizar, ta ga jerin haƙora farare da baƙaƙe suna yi mata dariya daga cikin hayaƙin sanyi, ta saki murfin ta fita ba takalmi ɗaya. Da aka fito da shi ya yi furfura fat, maɓallan sun sandare. Kunne ya ari na'urar busar da gashi a wurin Mai Aski, ya yi ta hura masa iska mai zafi har wani maɓalli na can ƙasa ya narke ya manne. Daga lokacin, da an jona shi da wuta, ko ba a taɓa shi ba, sai ya fara kuka kamar saniyar da aka raba da maraƙinta.

"Ka kashe shi," in ji Mai Ƙanƙara.

"Na kashe shi? Da can sai an danna yake magana. Yanzu da kansa yake yi. Wannan ba warkewa ba ce?"

Ranar Talata ya juya kan dijital. Wannan yana da ɗan gilashi mai nuna rubutu. Kunne ya danna maɓallai shida a lokaci guda don ya ga iyakar haƙurinsa, rubutun ya koma wani harshe mai kama da sawun tsuntsaye. Mai Ƙanƙara ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Me ya ce?"

Kunne ya matso da fuska ya karanta da leɓe. "Cewa ya yi ya ji daɗin haɗuwa da ni."

"Duk wannan dogon rubutun?"

"Sauran gaisuwa ce ga iyali."

Tunda rubutu ba ya karantuwa, sai ya bi sautukan da lamba. Lamba saba'in ruwan sama ne da tsawa. Rana na ƙwalla, amma matan benayen layin suka fito da gudu suna kwashe shanya, mai sayar da lema ya fito da kaya bakin titi, wani ɗan tsoho ya naɗe wandonsa har gwiwa ya tsallake titi a bushe yana ɗaga ƙafa. Lamba ɗari biyu da sha ɗaya kukan jariri ne, irin na sabon haihuwa. Kafin ya gano yadda ake tsayar da shi, matarsa ta diro daga bene ta tsaya a ƙofar shago, muciya a hannu.

"Ɗan waye a shagonka?"

"Ba ɗan kowa ba ne. Na ɗari biyu da sha ɗaya ne."

"Har ɗari biyu da sha ɗaya? Ina ka ajiye sauran?"

"Duk suna nan ciki. Ɗari biyar ne gaba ɗaya."

Sai da Mai Aski ya shiga tsakani da rantsuwa kafin ta ajiye muciyar da ta sauko da ita.

Lamba ɗari uku ita ce ta gama da shi. Tafi ne, na taro mai yawa, har da fito da sowa. Kunne ya saurara sau biyu, idonsa ya kawo ruwa. Daga nan duk maganar da ya yi sai ya danna. Wani ya zo karɓar fankarsa da ta yi wata uku, Kunne ya ce ya dawo mako mai zuwa, ya danna, mutum dubu suka tafa. Mutumin ya yi godiya ya tafi.

"Ka mayar wa mutane kayansu tun suna da sauran rai," in ji matarsa.

"Tarihi ake kafawa a ƙarƙashin gadonki, ke ba ki sani ba."

Ya danna. Ta jira tafin ya ƙare, ta zare wayar wutar daga bango ta hau da ita sama.

Ranar Alhamis ya rufe ƙofar shago rabi, ya ɗauko sukundireba. Yana tsakiyar kwance bayan dijital ɗin wayarsa ta yi ƙara. Yaya ce.

"Auta, lafiya kayan suke?"

"Sun fi yadda suka zo."

"Me ya sa kake magana kamar da abu a bakinka?"

Ya tofar da notuna huɗu a tafin hannu. "Nazari nake yi."

"Kukan saniyar da nake ji fa?"

"Layi ne ba kyau, Yaya. Sai Asabar."

Kwana biyu ya yi yana tiyata. Ya buɗe cikin na'urorin biyu, ya haɗa jar waya da ja, shuɗiya da shuɗiya, waɗanda ba su sami 'yan'uwa ba ya ƙulla su da juna don kada su yi kaɗaici. Ya liƙe komai da dalma. Wani koren allo da notuna cike da gwangwanin madara suka yi saura, ya ce ƙari ne kamfani ke sawa don a ga kaya da nauyi. Ya ɗora dijital a kan analog ya ɗaure su tam da robar tayar keke. Saboda zazzaɓi kada ya dawo, ya ɗauko fanka mafi girma a shagon, irin ta masana'anta, ya kafa ta a baya. Saboda ɗaukewar wuta, ya sa batirin babbar mota. Abu ya yi nauyin da mutum uku ba za su ɗaga ba, sai ya ari baron Mai Ƙanƙara ya gina komai a ciki, ya ƙara masa tayoyi biyu na kujerar ofis don ya tsaya da kansa. Kunnawa da kashewa kuwa, duk ya bi da su ta makunnin fankar mai maɓalli huɗu: sifili, ɗaya, biyu, uku. Abin da ya manta shi ne, sifilin da ba ya aiki ne ya kawo fankar gyara tun bara.

Mai Aski ya zagaya baron sau biyu, hannuwansa a baya.

"Me sunansa?"

"Nasu ruwa biyu ne. Nawa ruwa biyu da rabi."

"Rabin fa?"

"Fankar."

"Ka gwada shi kuwa?"

"Wanda bai yarda da aikinsa ba ne ke gwaji."

Ranar Asabar zauren makaranta ya cika. Ɗalibai a gaba, iyaye a kan benci, 'yan kwamiti a kan dandamali bayan dogon tebur mai koren mayafi. A tsakiyarsu Ciyaman yake, tsohon likitan haƙori mai ƙatuwar hula, makirufo a gabansa. Mai Aski da Mai Ƙanƙara ma sun rufe shaguna sun zo, sun ce abin da suka sha wahalarsa mako guda ba za a ba su labarin ƙarshensa ba. Mai Kanti ya shigo da ruwa biyun a jaka, ya ajiye shi a hankali kamar ƙwai, ya duba hagu ya duba dama.

"Shugaba, ina sauran biyun?"

A daidai lokacin ne Kunne ya turo baro ta ƙofa, an lulluɓe shi da zanin gado mai furanni.

"Suna ciki," in ji Kunne.

"Su biyun?"

"Da su biyu ne. Yanzu sun fahimci juna."

Yaya ta dafa tebur ta zauna a hankali. Kunne ya tura baron gaban dandamali ya juyo ya fuskanci jama'a. Ya ce kafin a ga abin da ya zo da shi, dole iyaye su san irin kunnen da ke ba su shawara. A ɗaure masa ido, a kaɗa duk abin da aka ga dama, zai faɗi ko analog ne, ko dijital, ko ruwa biyu, da ko ya cancanci kuɗinsa. Ba a sami ƙyalle ba sai na goge allo. Da aka ɗaura masa, garin alli ya zubo masa har gemu.

Malama tana durƙushe tana neman inda za ta jona wuta, ba ta ko kunna komai ba. Zaure ya yi tsit. A lungu, firjin ruwan sha ya tashi da gurnaninsa.

"Analog!" Kunne ya ɗaga yatsa. "Ku ji kauri. Ku ji ɗumi. Wanda ya ƙera wannan ya san Allah."

"Firjin ruwa ne," in ji wata uwa daga benci na biyu.

"Firjin analog ne, baiwar Allah. Na gaba!"

Aka sake yin shiru. Ciyaman bai karya ba ya fito, makirufon kuma ya zame ya sauko daidai cikinsa. Cikin ya yi wani dogon ƙugi mai hawa da sauka, lasifikokin zauren suka raba wa kowa.

"Tsaya!" in ji Kunne. "Wannan tsohon kaya ne. Cikinsa ya gama lalacewa, an daɗe ana mora ba a yi masa sabis ba. Ko kyauta aka ba ku kada ku karɓa."

"Wallahi gaskiya ne!" in ji wata dattijuwa daga baya. Matar Ciyaman ce.

"Cikina ne, malam," in ji Ciyaman.

"Ranka ya daɗe, ai ban ce ba ya gyaruwa ba. Ka kawo shi shago."

Dariya ba ta gama lafawa ba Malama ta sami wuta. Ta zauna gaban ruwa biyun ta fara kaɗa taken makarantar. Murya ta fito cike, mai taushi, ta ƙasa tana riƙe da ta sama. Yara suka daina motsi. Har Ciyaman ya saki fuska. Kunne ya yi murmushi a ƙarƙashin ƙyallen, yana kaɗa kai.

"Kun ji ko? Wannan nawa ne. Wa ya taɓa min kaya ba izini?"

"Naka yana ƙarƙashin zanin gado," in ji Malama.

"To kwaikwayonsa yake yi. Ku bari ku ji na ainihi."

Yaya ta ce ya cire ƙyallen tukuna. Ya ce wanda ya haifi abu ba ya buƙatar ido ya gane shi. Ya lalubo baron ya fizge zanin. Mai Kanti ya ga analog ɗinsa da narkakken maɓalli, ya ga dijital ɗinsa an ɗaure shi da robar keke hanjinsa a waje, ya saki wani siririn sauti ta hanci.

"Wannan kuma dijital ne mai araha," in ji Kunne.

"Mai kayan ne," in ji Mai Aski.

Kunne ya danna ɗaya.

Fanka ta fara juyawa, fuskarta na kallon 'yan kwamiti. Saniya ta yi kuka. Tsawa ta amsa mata, ruwan sama ya goce, wasu iyaye suka ɗora jakunkuna a ka. Takardun kwamiti suka tashi sama kamar tantabaru. Kunne ya ce ɗumama murya yake yi, ya danna biyu. Jariri ya shiga, jiniya ta bi bayansa. Koren mayafin tebur ya tashi ya naɗe ma'ajin kwamiti da kujerarsa. Hular Ciyaman ta bar kansa ta fita ta taga. Sai wani sauti da Kunne bai taɓa kaiwa lambarsa ba ya fito, ƙararrawar tashi daga makaranta sak. Yara ɗari biyu suka miƙe da ihun "An tashi!" suka yi ƙofa.

"Auta, kashe shi!" Yaya ta ƙwalla.

Ya danna sifili. Ba abin da ya faru. Ya sake dannawa da babban yatsa, da gwiwar hannu. Ya laluba gefe ya danna na can ƙarshe, wanda a lissafinsa shi ne babban sifili. Uku ne.

Fankar ta yi ruri. Baron ya girgiza, ya ɗan ja baya kamar rago mai shirin karo, sannan ya kama hanya. Ya bi tsakiyar zauren tsakanin benci da benci, iyaye na hawa kan juna suna ba shi wuri. Kunne, ido a ɗaure, bai san kayansa sun tafi ba. Ya miƙa hannu yana neman maɓallai, ya juya, ya yi tuntuɓe da dandamali, yatsunsa goma suka sauka a kan sanƙon Ciyaman.

"Maɓallan sun yi santsi," ya ce, yana dannawa. "Gumi ne. Zazzaɓin ya dawo."

Ciyaman ya fizge ƙyallen daga fuskarsa. Kunne ya ga abin da yake kaɗawa, ya ga ƙofa a buɗe, ya ga wutsiyar wayoyi tana ɓacewa a bakinta. Ya ce, "Ranka ya daɗe, minti ɗaya," ya zura da gudu.

Mai gadin makaranta ya ji jiniya ta nufo shi, ya wangale ƙofar waje ya ƙame ya sara. Baron ya wuce shi yana kukan saniya da jariri, taron mutum dubu na tafa masa daga ciki. Titin gaban makarantar gangare ne. Iyaye, yara, Mai Kanti, Mai Aski, Mai Ƙanƙara, duk suka rufa masa baya.

A zaure ba wanda ya rage sai Yaya da Malama da Ciyaman da tsofaffi uku na kwamiti da gwiwa ta hana su gudu. Suka kwance ma'aji daga mayafi. Yaya ta tsaya gabansu ba ta iya ɗaga kai ba. Malama ta koma ta zauna ta sake kaɗa taken daga farko. Ta nuna musu yadda ake murɗa abu ɗaya muryar ta yi kauri, yadda ake danna wani ta ajiye saitin har gobe, ta ce yaro ɗan aji uku zai iya. Ciyaman ya shafa sanƙonsa inda yatsu suka bar shaidar alli.

"Shi kaɗai ne a cikin ukun bai taɓa ni ba," ya ce, yana nuna ruwa biyun. "A kawo takarda in sa hannu. Amma Shugaba, da sharaɗi. Ƙaninki kada ya ƙara zuwa ko kusa da ƙararrawar makarantar nan."

"Ko kusa da ni, ranka ya daɗe."

Baron kuwa ya gangara har shataletale. Motoci daga hanya huɗu suka tsaya cak suna jiran babban mutumin da ake yi wa jiniya ya wuce. Ya zagaya sau uku, ya bugi akwatin da ɗan sandan hanya ke tsayawa a kai, ya tsaya yana huci. Ɗan sandan ya sauko, ya riƙe hularsa da hannu ɗaya, ya zagaya ta gefe ya fizge wayar batir. Shiru ya sauka har ana jin hakin mutane. Mai Kanti ya iso ya durƙusa yana tsintar maɓallai a kan kwalta, farare a aljihun dama, baƙaƙe a na hagu.

Ɗan sandan ya fito da littafinsa. "Abin hawa ba lamba. Ba direba. Jiniya ba izini. Dabba a ciki ba takarda. Na waye?"

Mai Ƙanƙara ya dubi baronsa, ya dubi sama, ya fara fito. Kunne yana can bayan jama'a, fuska fari fat da alli, yana ƙoƙarin ɓuya a bayan wata mata mai goyo.

"Kai mai farar fuska, ka san mai shi?"

"Ni, yallaɓai? Wucewa nake yi. Ni ma yanzu nake ganinsa."

Ɗan sandan ya sunkuya yana duba jikin baron. A gefe, da jan fenti, an rubuta da manyan baƙaƙe: ƘIRAR KUNNEN ZINARIYA, A NEME MU, ga lambar waya a ƙasa har an ja mata layi biyu. Ya ciro wayarsa ya danna lambar a hankali. Ƙara ta tashi daga aljihun Kunne. Jama'a suka dare gefe biyu suka bar shi shi kaɗai a tsakiyar titi.

"Daga cikin na'urar take fitowa, yallaɓai."

"Na cire batir."

"Saura ce ta maƙale a waya."

"Ɗauka."

Kunne ya zaro wayar ya kara a kunne. Taku biyu ne tsakaninsa da ɗan sandan, suna kallon juna ido cikin ido. Ya toshe hanci da yatsu biyu ya siranta murya.

"Halo? Kunnen Zinariya kake nema? Ai ya yi tafiya."

"To," in ji ɗan sandan a cikin tasa wayar. "In ya dawo ka faɗa masa ya same ka a ofishinmu." Ya mayar da wayar aljihu ya nuna baron da littafinsa. "Kama mariƙin. Hanyar hawa ce."